Ruwan da Ke Ɓoye Cikin Kaya: Tarihin Auna Rabon Kasuwa a Ƙarancin Ruwa

Gabatarwa

A garin Moynak na ƙasar Uzbekistan akwai jiragen kamun kifi zaune bisa rairayi, tsatsa na cin su. A shekarar 1960 wannan gari tashar jiragen ruwa ne a bakin Tafkin Aral, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 68,000. Shi ne na huɗu a girma cikin tafkunan duniya a lokacin, har ake kiran sa teku. A yau gaɓar ruwan ta yi wa garin nisan fiye da kilomita 100. An karkatar da kogunan da ke ciyar da tafkin zuwa gonakin auduga, audugar ta zama zare, zaren ya zama tufafi, tufafin kuma suka bazu cikin kasuwanni masu nisan dubban kilomita.

Daga nan tambaya ta taso: idan kogi ya ƙafe saboda noman abin da wasu mutane na nesa ke saye, wane kaso na ƙafewar za a jingina wa buƙatar masu sayen? Kuma da wane ma'auni za a auna shi? Wannan maƙala ta bi diddigin yadda masana suka yi ta neman amsar, tun daga auna ruwan da tsiro ɗaya ke sha har zuwa lissafin ruwan da ke yawo cikin cinikin duniya, tare da gardamar da lissafin ya haifar da kuma abin da ya faɗa a kan Nijar da maƙwabtanta.

Tushen awo: ruwan da tsiro ke sha

Kafin a iya cewa buhun alkama ya ci ruwa kaza, sai da aka fara sanin yawan ruwan da tsiro ke buƙata. A shekarar 1699 wani masani ɗan Ingila, John Woodward, ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi da na'a-na'a. Ya shuka ta cikin kwalabe, yana auna ruwan da yake zubawa da kuma nauyin da tsiron ya ƙara. Ya gano cewa mafi yawan ruwan ba ya zama a jikin tsiron, ratsa shi yake yi ya fita ta ganye ya bi iska. A shekarar 1850 John Lawes ya yi irin wannan awo a kan amfanin gona a tashar binciken noma ta Rothamsted da ke Ingila.

Aikin da ya fi waɗannan faɗi shi ne na Lyman Briggs da Homer Shantz a jihar Kolorado ta Amurka, wanda suka fara wallafawa a 1913. Sun shuka iri daban-daban cikin manyan tukwane rufaffu, suna auna su a kai a kai. Sakamakon ya nuna cewa dawa da wasu nau'o'in gero na shan ruwa kimanin kilo 300 kafin su samar da kilo ɗaya na busasshen tsiro, alkama kuwa tana shan kimanin kilo 500. Abin da manoman ƙasashen fari suka daɗe da sani a aikace, cewa dawa da gero sun fi alkama haƙurin ƙishirwa, ya samu adadi a rubuce.

Sai dai ba za a iya sanya gonakin duniya duka cikin tukwane ba. A 1948 Howard Penman, shi ma a Rothamsted, ya fito da hanyar lissafa ruwan da ke tashi daga ƙasa da ganye ta amfani da bayanan yanayi: hasken rana, zafi, iska da damshinta. John Monteith ya inganta lissafin a 1965, kuma a 1998 Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauke shi a matsayin tsayayyen ma'auni. Daga nan ya zama mai yiwuwa a ƙiyasta ruwan da kowace shuka ke sha a kowane yanki, matuƙar akwai bayanan yanayinsa.

Auduga da koguna: Jazira da Aral

Buƙatar kaya ta daɗe tana juya koguna tun kafin a sami mai lissafa ta. Masaƙun Lankasha na Ingila sun dogara da audugar waje, kuma a farkon ƙarni na 20 masu su suka matsa a samar musu da sababbin wuraren noma cikin daular Birtaniya. Ɗaya daga cikin sakamakon shi ne shirin noman Jazira a Sudan, a filin da ke tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu. An kammala madatsar ruwa ta Sennar a 1925, aka ja ruwa ta magudanai zuwa gonakin auduga mai dogon zare. Cikin waɗanda suka yi ƙwadago a gonakin akwai Hausawa da Fulani da Barebari masu yawa. Wasu mahajjata ne da suka tsaya neman guzuri a kan hanyar Makka, wasu kuma mabiyan Mai Wurno ne, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, waɗanda suka yi hijira zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903.

Masar ta ga haɗarin da ke cikin shirin, domin duk ruwan da auduga ta sha a Jazira ba zai iso gare ta ba. Yarjejeniyar 1929 ta ba Masar kubik mita biliyan 48 a shekara, Sudan kuma biliyan 4. (Kubik mita ɗaya lita 1,000 ce.) A 1959 aka sake rabon: Masar biliyan 55.5, Sudan biliyan 18.5. A duk wannan ciniki an ƙirga ruwan kogi ne tsakanin ƙasashen da ke bakinsa. Babu wanda ya rubuta rabon masaƙar Lankasha ko na mai sayen yadi, alhali dominsu aka gina madatsar.

A Asiya ta Tsakiya abin ya fi muni. Tarayyar Sobiyet ta ƙudurta wadatar da kanta da auduga, ta ɗora nauyin a kan kogunan Amu Darya da Sir Darya, waɗanda su ne ke cika Tafkin Aral. A 1954 aka fara haƙa magudanar Karakum, wadda tsawonta ya haura kilomita 1,300, tana ratsa hamada, ruwa mai yawa na tsiyayewa cikin rairayi kafin ya isa gona. Tafkin ya fara ja da baya daga 1960. Gishirinsa ya ƙaru har kifi ya mutu, sana'ar su ta tsaya a farkon shekarun 1980, kuma kafin ƙarshen waɗannan shekaru tafkin ya rabu biyu. Iska ta riƙa kwasar gishiri da ragowar magungunan ƙwari daga busasshen gindinsa tana watsawa kan garuruwan Karakalpakistan. Madatsar Kok-Aral da Kazakistan ta kammala a 2005 ta farfaɗo da ƙaramin sashen arewa, amma a 2014 hotunan tauraron ɗan Adam suka nuna sashen gabas na tafkin kudu ya bushe ƙurmus. A zamanin Sobiyet tsarin gwamnati ne ya ƙayyade yawan audugar da za a noma. Bayan 1991 kasuwar duniya ta gaji wannan buƙata.

Ma'aunin ƙarancin ruwa

Awo na biyu da ake buƙata shi ne na ƙarancin kansa. A 1989 Malin Falkenmark, masaniyar ruwa ƴar ƙasar Suwidin, ta ba da ma'auni mai sauƙi: a raba ruwan da ƙasa ke samu duk shekara a koguna da ƙarƙashin ƙasa da yawan mutanenta. Idan rabon mutum ɗaya ya gaza kubik mita 1,700 a shekara, ƙasar ta shiga matsi. Idan ya gaza 1,000, ta shiga ƙaranci. Ƙasa da 500 kuwa ƙaranci ne mai tsanani.

A tsakiyar shekarun 1990 ta ƙara wani rarrabewa da ya zama ginshiƙi ga duk lissafin da ya biyo baya. Ruwan koguna da tafkuna da rijiyoyi, wanda ake iya ɗiba a kai wani wuri, ta kira shi shuɗin ruwa. Ruwan sama da ya jiƙa ƙasa, saiwa ta sha shi a inda ya sauka, ta kira shi koren ruwa. Noman damina koren ruwa yake ci, noman rani kuma shuɗi.

Ma'aunin Falkenmark ya nuna inda ruwa ya yi kaɗan, amma ya bar wani abin ɗaure kai. Bisa lissafinsa, ƙasashe da dama na Gabas ta Tsakiya sun daɗe da faɗawa ƙarƙashin layin ƙaranci, kuma manyan mutane sun yi ta hasashen yaƙi. A 1995 Ismail Serageldin, mataimakin shugaban Bankin Duniya a lokacin, ya yi gargaɗin cewa yaƙe-yaƙen ƙarni mai zuwa a kan ruwa za a yi su. Duk da haka burodi bai yanke a Alƙahira ko Amman ba.

Tony Allan da ɓoyayyen ruwa

Wanda ya warware wannan ƙulli shi ne Tony Allan, malamin ilimin ƙasa a Makarantar Nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan. Ya lura da hujjar da wasu masana tattalin arziki na Isra'ila suka kawo a shekarun 1980, cewa ƙasa mai ƙarancin ruwa da ke sayar da lemo a waje, ruwanta take sayarwa da araha. Allan ya juya hujjar: idan fitar da lemo fitar da ruwa ne, to shigo da alkama shigo da ruwa ne. A 1993 ya raɗa wa abin suna da za a iya fassarawa da ɓoyayyen ruwa, wato ruwan da aka kashe wajen samar da kaya, wanda ba a ganin sa a jikin kayan.

Lissafinsa bai da wuya. Tan ɗaya na alkama na cin ruwa kimanin tan 1,000. Ruwan sha da na aikin gida ɗan ƙaramin kaso ne na abin da mutum ke buƙata, mafi yawa yana cikin abincinsa. Saboda haka ƙasar da ta sayi tan miliyan ɗaya na alkama ta huta da neman kubik mita biliyan ɗaya na ruwa. Allan ya nuna cewa tun shekarun 1970 ruwan Gabas ta Tsakiya ya kasa ciyar da mutanenta, kuma ɓoyayyen ruwan da ke shiga yankin cikin jiragen hatsi ya kai yawan abin da Masar ke ɗiba daga Nilu domin noma. Shugabanni sun fi son wannan mafita saboda shiru take tafiya: ba sai sun fito sun shaida wa jama'a cewa ruwa ya ƙare ba.

Da farko injiniyoyi da masana tattalin arziki ba su karɓi ra'ayin hannu biyu ba. A hankali ya samu gindin zama, har aka ba Allan lambar yabo ta ruwa ta Stockholm a 2008. Ya rasu a 2021.

Arjen Hoekstra da sawun ruwa

Allan ya dubi lamarin ne ta fuskar ƙasar da ke saye domin ta tsira. Arjen Hoekstra, ɗan ƙasar Holan, ya dube shi ta fuskar wurin da aka ɗebo ruwan. A 2002, yana aiki a cibiyar nazarin ruwa ta birnin Delft, ya gabatar da abin da ya kira sawun ruwa: jimillar ruwan da aka kashe domin samar da duk abin da mutum ko kamfani ko ƙasa ke amfani da shi, ko a ina aka kashe shi. Ya aro siffar sunan daga sawun muhalli, wanda William Rees da Mathis Wackernagel suka fito da shi a farkon shekarun 1990.

Hanyar lissafin ita ce a raba ruwan da gona ta sha da amfanin da ta bayar. A ɗauka hekta ɗaya ta shinkafa ta sha kubik mita 10,000, ta ba da tan 4. Kowane kilo ya ci lita 2,500 ke nan. Idan gonar ta sha wannan ruwa amma ta ba da tan 2 kawai, sawun kowane kilo ya zama lita 5,000. Ga dabba kuwa, ana tara ruwan abincin da ta ci tsawon rayuwarta da wanda ta sha, a raba da naman da ta bayar. Daga baya aka ƙara kashi na uku a kan shuɗi da kore, wato ruwa mai launin toka: yawan ruwan da ake buƙata domin surka dattin taki ko rini har ya daina cutarwa.

Hoekstra da ɗalibansa, musamman Ashok Chapagain ɗan Nefal da Mesfin Mekonnen ɗan Habasha, sun fitar da alƙaluman da suka zagaye duniya. Kofin gahawa ɗaya ya ci kimanin lita 140, rigar auduga ɗaya kimanin lita 2,700, kilon shinkafa kimanin lita 2,500, kilon naman sa kuma kimanin lita 15,400. A binciken auduga na 2006 suka koma kan Aral, suka ƙiyasta cewa masu saye a ƙasashen Tarayyar Turai na da rabon kimanin kashi 20 cikin 100 a bushewar tafkin, bisa cinikin shekarun da suka duba.

A 2012 Mekonnen da Hoekstra suka wallafa lissafin duniya baki ɗaya na shekarun 1996 zuwa 2005. Sawun ruwan bil'adama ya kai kubik mita biliyan 9,087 a shekara. Noma ne ya ci kashi 92 cikin 100. Koren ruwa ya ɗauki kashi 74, shuɗi 11, mai launin toka 15. Kimanin kashi ɗaya cikin biyar na duka an kashe shi ne domin kayan da ake fitarwa waje. Matsakaicin rabon mutum ɗaya a duniya kubik mita 1,385 ne a shekara, na ɗan Amurka 2,842, na ɗan Indiya 1,089, na ɗan Sin 1,071. A 2016 suka sake nuna cewa mutum biliyan 4 na fama da tsananin ƙarancin ruwa aƙalla wata ɗaya a shekara. Hoekstra ya rasu a 2019.

Bin sawun kaya zuwa mai saye

Lissafin kaya ɗaya bayan ɗaya na da iyaka, domin kayan zamani na ratsa hannuwa da yawa. Ana iya noma auduga a wata ƙasa, a kaɗa ta a wata, a ɗinka a ta uku, a sayar a ta huɗu. Domin bin wannan sarƙa masana suka koma ga aikin Wassily Leontief, wanda tun 1936 ya tsara jadawalin da ke nuna abin da kowane sashe na tattalin arziki ke saye daga sauran sassa, aikin da ya ba shi lambar Nobel a 1973. Idan aka haɗa irin wannan jadawali na ƙasashe da yawa, aka liƙa masa yawan ruwan da kowane sashe ke ci, ana iya bin kowace lita daga kogin da aka ɗebo ta har zuwa mai saye na ƙarshe. Manfred Lenzen na Jami'ar Sidni da abokan aikinsa sun yi haka a 2013, suka ƙara wa ruwan da aka ɗebo daga wurare masu ƙaranci nauyi a lissafin.

A 2017 Carole Dalin da abokan aikinta suka mai da hankali kan ruwan ƙarƙashin ƙasa da ake ja fiye da yadda yake sabuntuwa. Sun gano cewa kimanin kashi 11 cikin 100 na irin wannan ruwa da ake ban ruwa da shi yana tafiya ne cikin cinikin abinci tsakanin ƙasashe, kuma kashi biyu cikin uku na wannan daga Pakistan da Amurka da Indiya yake fita. Darasin ya shafi mai saye ma, domin ƙasar da ta dogara da shinkafar da ake nomawa da rijiyoyi masu ƙafewa ta jingina cikinta da abin da ba zai ɗore ba.

Saudiyya ta zama misalin da ake yawan kawowa. Daga ƙarshen shekarun 1970 gwamnati ta riƙa sayen alkamar gida da farashi mai tsoka, manoma suka haƙa rijiyoyi masu zurfi cikin tsohon ruwan da ya taru tun dubban shekaru. A farkon shekarun 1990 ƙasar hamada ta shiga jerin manyan masu fitar da alkama a duniya. Da ruwan ya ja baya, a 2008 aka yanke shawarar rage sayen a hankali, aka tsayar da shi a 2016, ƙasar ta koma shigo da alkama daga waje.

Gardamar masana

Alƙaluman sun ja hankalin jama'a, amma sun sha suka. Suka ta farko ita ce, lita ba ɗaya take da lita ba. Litar da aka kashe a ƙasa mai yawan ruwan sama ba ta hana kowa sha, wadda aka ja daga kogin hamada kuwa bakin wani aka cire ta. Fiye da kashi 90 cikin 100 na lita 15,400 da ake jingina wa kilon naman sa koren ruwa ne, wato ruwan saman da ya sauka kan makiyaya da gonakin abincin dabbobi. Saniyar da ke kiwo a dajin da ba ya nomuwa ba ta ƙwace ruwan kowa ba, domin ko babu ita ciyawar za ta sha ruwan. Wannan ya sa Stephan Pfister na Zurik da Brad Ridoutt na Ostareliya suka nemi a riƙa ninka ruwan da aka kashe da ma'aunin ƙarancin wurin. Ƙa'idar da hukumar daidaita ma'aunai ta duniya ta fitar a 2014 ta karkata ga wannan hanya. Hoekstra bai yarda ba. A ganinsa ruwa mai daɗi dukiya ce ta duniya mai iyaka, kuma ɓarnatar da shi a inda yake da yawa na ƙara wa wuraren ƙaranci nauyi.

Suka ta biyu daga masana tattalin arziki ta fito, cikinsu har da Dennis Wichelns. Sun nuna cewa ciniki ba ruwa kaɗai yake bi ba: faɗin ƙasar noma, kuɗin ƙwadago, tallafin gwamnati da hanyoyin sufuri duk sun fi ruwa ƙarfi wajen tsara wanda ke sayarwa da wanda ke saye. Sun kuma tuna cewa manomin da aka daina sayen kayansa saboda girman sawun ruwansu ya rasa abincinsa, ruwan kuma ba lalle ya koma kogi ba. Mai saye na haifar da buƙata, amma hukumar wurin ce ke ba da izinin haƙa rijiya da gina madatsa.

Nijar da maƙwabtanta a cikin lissafin

Lissafin 2012 ya fito da wani adadi mai ban mamaki: rabon ɗan Nijar ya kai kubik mita 3,519 a shekara, fiye da na ɗan Amurka. Masu binciken da kansu sun bayyana dalili. Mutanen Nijar na cin hatsi fiye da matsakaicin duniya da kaɗan, amma kowane tan na hatsinsu na ɗauke da sawu ninki shida na matsakaicin duniya, saboda gonar gero a ƙasa mai zafi da ƙarancin taki tana ba da amfani kaɗan. Kusan duk wannan ruwan damina ne. Adadin na nuni ne da ƙarancin amfanin gona, kuma wanda ya karanta shi a matsayin shaidar almubazzaranci ya yi wa matar da ke jan guga a rijiya mai gaba talatin ƙazafi.

Inda lissafin ya fi amfani a yankin shi ne shuɗin ruwa. Albasar Galmi da ake lodi zuwa Gana da Kwaddibuwa da Najeriya da ruwan fadama da rijiyoyi ake noma ta, haka ma albasar lambunan Agadas da injinan ban ruwa ke shayarwa. Tattasan Diffa da ruwan Komadugu Yobe yake girma. Ma'adinin yuraniyom da aka fara haƙa a Arlit a 1971, wanda ya daɗe yana ciyar da tashoshin lantarkin Faransa, ana sarrafa shi da tsohon ruwan ƙarƙashin hamada da ba ya sabuntuwa. A ɗaya ɓangaren, kowane buhun shinkafar Asiya da ya shigo kasuwar Yamai ko Maraɗi ɓoyayyen ruwan wani kogi ne mai nisa.

A sama da Diffa, madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru. Binciken da Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi a shekarun 1990 ya kwatanta amfanin da kowane kason ruwa ke bayarwa a wuraren biyu, ya gano cewa noma da su da itacen da ake samu a fadamar sun fi abin da babban shirin ban ruwa na Kogin Kano ke bayarwa nesa ba kusa ba.

Tafkin Chadi kuwa gargaɗi ne ga mai saurin yanke hukunci. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ragu matuƙa a shekarun 1970 da 1980, har wasu suka riƙa kwatanta shi da Aral. Wani bincike na 2001 ya ɗora wa ban ruwa kimanin rabin raguwar, amma binciken da ya biyo baya ya nuna an zuzuta yawan ruwan da ake ɗiba, kuma fari ne babban dalili, irin farin da ya tsayar da Kogin Kwara a Yamai a 1985. Ruwa ba ya tsami banza, amma sai an auna kafin a san abin da ya tsamar da shi: a Aral auduga ce, a Chadi ƙarancin damina.

Kammalawa

Tarihin wannan awo ya bi matakai huɗu. An fara da sanin abin da tsiro ke sha, sannan aka auna ƙarancin ruwa a ƙasashe, sannan Allan ya nuna cewa ruwa na tafiya cikin kaya, daga ƙarshe Hoekstra da magadan Leontief suka bi sawunsa har zuwa mai saye. Abin da gardamar ta tabbatar shi ne, yawan lita kaɗai ba ya isa hukunci. Sai an san wane irin ruwa ne, daga wane kogi ko rijiya aka ɗebo shi, a wane wata na shekara, wa aka hana, kuma me mutanen wurin suka samu a madadinsa. Ga Nijar da maƙwabtanta, wuraren da waɗannan tambayoyi suka fi dacewa su ne fadamun albasa, gaɓar Komadugu Yobe da rijiyoyin Arlit, inda kayan da ake sayarwa waje da ruwan da jama'a ke sha suke fitowa daga tushe ɗaya.